Aksil ɗin bayan 504 ɗin mahaifina ya fara kuka: in gyara ko in sauya?

Ɗan Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san ƙarfe, musamman dattawanmu da suka yi zamani da Peugeot.

Motar 504 ce wagon, mai layin kujeru uku, haɗin Kaduna. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya saye ta sabuwa dal a 1984, lokacin ina aji biyu a firamare. Da ita aka yi ta kai mu makaranta, da ita aka ɗauko amaren gidanmu har huɗu, kuma a cikinta muka raka shi filin jirgin Kano shekarar da ya sauke farali. Da aka zo rabon gado na roƙi a sa mini ita cikin kasona, ƙannena ba wanda ya ja. Sau biyu ana sauke injinta, giyabos an buɗe shi sau ɗaya, kuloci kuwa an sake shi ya fi a ƙirga. Amma aksil ɗin baya, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya yake juya su, tun ranar da ta baro Kaduna ba bakaniken da ya taɓa ganin cikinsa. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan.

Ga yadda abin ya faro. Gonarmu tana wani ƙauye bayan Mashi, in ka sauka daga kwalta sai ka yi tafiyar kusan rabin awa a burji da yashi. Cikin watan Agusta na je duba shuka, a hanyar dawowa na tarar ƙoramar da muke tsallakawa ta kawo. Na jira ruwan ya ɗan ja, sannan na kutsa. Ya kai ƙasan ƙofofi. Na fita lafiya, motar ba ta ko yi tari ba, na yi hamdala na manta da zancen. Da kaka ta yi na koma na lodo gero buhu bakwai, na kwantar da kujerun baya, ga ni ga yara biyu a gaba. Na san lodin ya yi yawa, don bayanta ya zauna sosai, amma Baba ma yakan yi irin wannan lodin ba abin da ya faru.

Tun daga wannan tafiyar nake jin abu uku. Na farko wani kuka siriri, kamar iskar hunturu tana bi ta kafar taga. Yana tasowa in na kai kilomita 60, yana ƙaruwa muddin ƙafata tana kan totur, da na ɗaga ƙafa sai ya lafa. Na biyu gurnani ne daga bayan dama, shi ba ruwansa da totur, sai dai in na sha kwana zuwa hagu ya ƙara ƙarfi. Na uku, in zan tashi ko in na sa ribas, sai in ji ƙwas a ƙarƙashina sau ɗaya. Jiya kuma na leƙa na ga cikin tayar dama ta baya ya jiƙe da mai, ƙura ta manne.

Gareji uku na zaga a nan cikin gari. Na farko ya ce in bari ya cika shi da giris haɗe da man giya mai kauri, kukan zai ɗauke. Na biyu ya ce kada in wahalar da kaina, in sayo aksil ɗan Beljiyam sukutum a ɗora. Na uku yaro ne mai hannu, ya ce zamanin wannan ƙarfen ya wuce, ya samo mini na Hilux a yanke a yi walda, in huta har abada. Kuɗin da ya faɗa ya kusan rabin abin da za a taya motar.

Ni dai raina bai kwanta da ko ɗaya ba. Abin da ya yi shekara arba'in ba a taɓa shi ba, ina ganin ya cancanci a buɗe shi a ga ciwonsa kafin a jefar. Amma kuma iyalina nake ɗauka a ciki, ba zan sa ransu a kan son zuciyata ba. Tambayata biyu ce: wannan kukan mai gyaruwa ne? Sannan me ya sa na da ɗin nan suke daɗewa haka, ƙarfen ne ko ƙirar?

Tsohon Bakanike, Daura

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Jikana ne yake rubuta mini, ni ina faɗa.

Kafin komai, ajiye motar. Man da ka gani a tayar nan ya riga ya shiga cikin durom, ya jiƙa lainin birki. Birkin wannan ɓangaren ba ya kamawa yanzu, ko kuma ya kama a fizge. Kada ka ƙara ɗaukar yara a ciki sai an duba.

Na biyu, wanda ya ce maka giris, kada ka koma wajensa da wannan aikin. Giris ba ya gudu. Haƙoran za su haƙa rami a cikinsa su ci gaba da juyawa a bushe, boris ɗin finiyo (ƙaramin giyan da ke juya kirawun, babban faifai mai haƙora) da ke can gaba kuwa ko ɗigo ba zai samu ba, don shi fantsamar mai yake sha. Kukan zai yi shiru sati biyu, sannan komai ya ƙone gaba ɗaya.

Ka lissafa ciwo uku, kuma daidai ka ji, uku ne daban-daban. Gurnanin da ke ƙaruwa a kwana boris ɗin taya ne. In ka karya hagu nauyi yana komawa dama, shi ya sa yake ƙara kuka. Da boris ya yi sako-sako sai shaf, sandar da ke juya tayar, ya riƙa rawa, ya cinye sil, mai ya fito. Wannan ƙaramin aiki ne. Ƙwas ɗin nan kuma, a irin motarka, na fi zargin haƙoran bakin farfela, sandar da ke kawo juyi daga giyabos zuwa aksil. Ka san farfelar 504 ba a fili take ba, a cikin bututu take, kuma tana shiga finiyo ne ta wasu siraran haƙora. In suka bushe suka ci, sai su riƙa bugawa, ran da suka ƙare kuma ka sa giya ka ji injin yana ihu mota tana tsaye. Sau nawa na je ɗauko irin wannan a hanyar Zango da ta Kwangwalam. Kukan totur shi ne babba. Ko dai boris ɗin finiyo ya saki har finiyo ya gusa daga mazauninsa, ko kuma haƙoran kirawun sun fara zagwanyewa. In na farkon ne, an tsira. In na biyun ne, sai sabon kirawun da finiyo.

Ga yadda za ka sani tun kafin a kwance komai. Samo farin kwano mai tsabta, ka kwance notin ƙasa, ka tari man da idonka, kada ka aiki yaro. In ya fito baƙi ko ruwan zuma, da sauƙi. In ya fito kamar koko, ruwa ya shiga. Ka sa yatsa a gindin kwanon ka murza. Gari mai laushi kamar kwalli ba komai ba ne, kowane tsohon aksil yana yin sa. In ka ji tsakuwa-tsakuwa kamar tsakin masara, ƙarfe ne yake ɓarewa.

Ni kam tun da ka ambaci ƙoramar nan na san inda aka haihu. Aksil yana da 'yar kafar numfashi. Ka taho daga gona ya ɗau zafi, ka tsoma shi a ruwan sanyi, iskar ciki ta tsuke, sai ya zuƙi ruwa ta kafar nan da ta bakin sil. Ruwan ya kwana wata biyu a ciki yana cin boris, sannan ka kawo buhu bakwai ka ɗora masa. Geron bai yi laifi shi kaɗai ba.

Ka tambayi ko ƙarfen ne. Bari in ba ka labarin 404, don a kanta na koyi aiki a Kano farkon shekarun 1970. Na farkon nan ba kirawun da finiyo ne a bayansu ba. Wani ƙarfe ne murɗaɗɗe kamar sukurun, yana juya faifan tagulla. Shiru kamar ba ya aiki, kuma ƙarfi gare shi. Amma mansa daban ne, da man zurma ake haɗa shi, ba ya shiri da man giya na kasuwa. Mutum zai tsaya a tasha a ƙara masa na kasuwa a kan na zurma, su haɗu su dunƙule, faifan tagullar ya cinye. Na ga da yawa sun mutu ta haka, mai motar yana zagin Faransawa. Wanda ya kiyaye man kuwa, har motar ta ruɓe aksil ɗin yana nan. To ka gani, ƙarfe ɗaya ne, masu riƙon ne suka bambanta.

Yanzu ni ma in tambaye ka, kuma ka faɗa mini gaskiya: yaushe rabon da a sake man aksil ɗin nan?

Ɗan Ƙofar Marusa

Baba, na gode, Allah ya ƙara girma. Gaskiyar ita ce tun rasuwar mahaifina ban sake shi ba, shekara shida ke nan. Shi duk shekara in Babbar Salla ta matso yakan kai ta a zubar a zuba sabo, ina tsaye ina kallo, amma ban taɓa ɗaukar abin da muhimmanci ba. Baƙin man inji nake bi kawai. Na ajiye motar tun daren jiya.

Direban A-kori-kura, Mai'adua

Ranka ya daɗe Baba bakanike, ba ina ja da maganarka ba ne, amma ni ta wani gefen zan zo.

Shekara goma sha tara ina jan a-kori-kura 504 tsakanin Mai'adua, Daura da Kano. Awaki, wake, buhunan barkono, ba abin da ban ɗauka ba. Ina son motar nan har raina. Amma ranar da na ga tayata ta baya ta wuce ni a guje, da shaf ɗinta a jiki kamar an zare takobi, ra'ayina ya sauya. Gab da Kazaure ne, da yamma. Boris ya ƙone, zoben da ke riƙe shi ya saki, komai ya fito. Durom ya tafi da tayar, birki ya zube. Allah ne ya tsare, gefen hanyar yashi ne, muka tsaya a cikin wata gona, yaron motata ya fashe goshi. Kuma na ji gurnanin tun kwana huɗu kafin nan, na ce sai an tashi kasuwa.

Abin da nake so ɗan'uwa ya gane shi ne, a irin wannan aksil ɗin, shaf guda shi ke juya taya kuma shi ke ɗauke da kaya, a kan boris ɗaya tak. Ba laifi in iyali za ka ɗauka. In kuwa gero za ka ci gaba da lodawa, ka nemi abin da aka yi don lodi. Kuma kayan gyaran yanzu ba irin na da ba ne. Kwali mai kyau, suna mai kyau, ka sa boris wata uku ya fara kuka. Abokaina biyu sun ɗora na Hilux, suna ta aiki. Ni ban ga aibun shawarar yaron nan ba.

Malamin Koyon Sana'a, Katsina

Sannunku da ƙoƙari. Ni aikin mota nake koyarwa, kuma wannan tambayar ta ƙira tana cikin abin da nake so ɗalibaina su riƙa yi.

Direba ya faɗi gaskiya a kan shaf mai aiki biyu, amma akwai gyara a ƙarshen maganarsa. Hilux ɗin da ake yankowa, shi ma ƙirarsa ke nan: shaf ɗaya, boris a bakinsa, nauyi a kansa. Ya fi kauri ne kawai. Wanda ya raba aikin gida biyu shi ne irin na manyan motoci da Land Rover da wasu Land Cruiser, inda taya take zaune a kan boris biyu a jikin bututun aksil, shaf kuwa juyi kaɗai yake kaiwa. A irin wannan ko shaf ya karye taya tana nan daram, in motar mai jan taya huɗu ce ka zare guntun ka sa giyar tayoyin gaba ka isa gida. Za ka gane shi da ido, cibiyar tayar tana turowa waje da ƙananan notuna a kewaye. Saboda haka ɗora na Hilux bai fitar da kai daga hatsarin da direba ya gani ba, kula da boris ne yake fitar da kai.

Babban dalilin da ya sa ban yarda da waldar ba shi ne bututun nan da Baba ya ambata. A wagon ɗin 504 bututun ba murfin farfela ba ne kawai. An ɗaure shi gam a jikin aksil, ya miƙe har bayan giyabos inda yake da gaɓa mai juyawa. In taya ta tura ƙasa, ta cikinsa turin yake bi ya isa jikin mota, kuma shi ke hana aksil ɗin wuntsilawa in ka taka totur ko birki. Shi ya sa aka samu damar ɗora bayan motar a kan sifirin nannaɗaɗɗu masu laushi, biyu a kowane gefe, da sanda guda a gicciye tana hana shi karkata. Laushin da kake ji a burjin Mashi daga nan yake. Hilux kuwa farfelarsa a fili take, sifirinsa na faranti su ke riƙe aksil. In ka kawo shi ƙarƙashin wagon, dole mai walda ya ƙirƙiro abin da zai yi aikin bututun nan da ka, a jikin bodin da ba a yi shi don ɗaukar turi a wurin ba, bodin ma mai shekara arba'in. A-kori-kura tana da sifirin faranti tun asali, shi ya sa abokan direba suka fi samun sauƙi. Motarka ba haka take ba. Ga faɗi da zai bambanta, ga ramukan kusoshin taya, ga birkin da ba a auna shi da na gaba ba.

Kada a ruɗe kuma, ba duk 504 ne iri ɗaya ba. Salun ɗin da ta fara fitowa a 1968, difarenshiyal ɗinta, wato tukunyar da kirawun da finiyo suke ciki, a ɗaure yake a jikin mota, kowace taya da nata hannun da nata shaf mai gaɓoɓi, kamar yadda Mercedes ta yi wa 200 da 230 ɗin nan na 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980. Wannan ya fi daɗin tuƙi da riƙe hanya, irinta ce ma direban tsere Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya da ita a 1975, shekarar da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna. Amma yana da robobin gaɓa huɗu, da ɗaya ya yage yashi ya shiga, shi ke nan. Kuma in ka yi lodi tayoyin suna buɗewa su ci ta ciki. Wagon da a-kori-kura aka ba su sandararre, wanda tayoyinsa ke tsaye cak ko nawa ka ɗora, kuma tsakaninsa da ƙasa ba ya raguwa. Komai nasa a rufe yake cikin mai, ba inda ƙurar hunturu za ta samu shiga.

To me ya sa suke daɗewa? Ni a ganina abu uku ne suka haɗu. Injin 504 mai lita 2 mai kafireta ƙarfinsa bai kai doki ɗari ba, haƙoran kuwa an yi su da rara, ba su taɓa aiki a iyakar ƙarfinsu ba. Sassan da ke motsi kaɗan ne. Sannan an yi shi ne don a kwance a gyara, kowane boris da sil yana fita shi kaɗai. Rauninsa guda ne, mai. Finiyo ba a tsakiyar kirawun yake shiga ba, ƙasa-ƙasa yake. Kamfanin Gleason na Amurka ne ya fito da wannan yankan haƙori, kamfanin motoci na Packard ya fara sa shi a mota a 1926. Amfaninsa, farfela ta sauka ƙasa, finiyo ya yi kauri, haƙora da yawa suna haɗuwa lokaci guda. Kuɗin da aka biya shi ne haƙoran ba birgima kaɗai suke yi ba, suna gogar juna a kowane juyi. Man da zai jure wannan gugar shi ne mai alamar GL-5, lamba 90 ko 80W-90, mai warin nan kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Baƙin man inji ba ya yi, wanda ruwa ya shiga kuwa ya tashi daga aiki. Duka abin da cikin yake ci bai kai lita biyu ba.

In za a buɗe, ka tsaya a kan abu ɗaya: wanda zai haɗa ya san saiti. Zurfin finiyo da tazarar da ke tsakanin haƙora da siraran washa ake daidaita su, tazarar ma wajen kashi ɗaya zuwa biyu cikin goma na milimita ce. Ya ajiye kowace washa a gefen da ya cire ta. Bayan ya haɗa ya shafa shuɗi a haƙora uku ko huɗu ya juya, tabon ya fito a tsakiyar haƙori, ba a baki ba, ba a gindi ba. Aksil da yawa da ake cewa sun mutu bayan gyara, guduma ce ta kashe su.

Mai Kayan Gyara

Yallaɓai, ni kayan nake sayarwa, daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano nake saro su, to bari in faɗa maka abin da ba kowa zai faɗa ba. Ɗan Beljiyam na 504 ya yi wuya yanzu. Mafi yawan abin da za a nuna maka daga wata motar aka cire shi a nan gida, aka wanke da fetur aka fesa baƙin fenti. Ka san tarihin naka, ba ka san na wancan ba.

In ta kama sai ka sayi kirawun da finiyo, tare ake sayensu. Tun a masana'anta ake goga su da juna, akwai lamba a jikin kowanne, ka tabbata sun yi daidai. Kuma ka ƙirga haƙoran naka kafin ka fito kasuwa, don ba duka ne lissafinsu ɗaya ba. Boris kuwa ka zo da tsohon a hannu, lambar jikinsa za a bi. Maganar direba gaskiya ce, jabu ya yi yawa, ka duba rubutun da aka zana a jikin ƙarfen, kada ka tsaya a kwali.

Ɗan Ƙofar Marusa

Jama'a na dawo da bayani, kwana goma sha ɗaya bayan tambayata. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Na yi yadda Baba na Daura ya ce, da farin kwanon cikin gida. Abin da ya fara fitowa ruwa ne tsararo, ya kai rabin kofin shayi, sannan wani abu mai kalar koko ya biyo. Duka-duka bai fi rabin abin da ya kamata ya kasance a ciki ba. Na murza gindin kwanon, akwai kwalli da yawa, da 'yan ɓarɓashi masu ƙyalli, amma ban ji tsaki ba. Na daɗe a tsugune a wurin. Shekara talatin da biyar mahaifina yana kiyaye abin nan da man da bai kai lita biyu ba, ni na kasa.

Wani abokin mahaifina ya haɗa ni da wani dattijo a bayan tasha, wanda tun yana saurayi Peugeot yake yi. Kafin ya taɓa komai sai da ya shimfiɗa buhu, ya jera kayan yadda suka fito, na dama a dama, na hagu a hagu. Da na ga haka hankalina ya kwanta. Boris ɗin finiyo duka biyu sun yi tsatsa, sun yi zanzana kamar fuskar mai agana. Na tayar dama ya ƙare, da hannu ma yana kaɗawa. Haƙoran bakin farfela sun bushe ƙayau, sun ci kusan kashi ɗaya cikin uku, ya ce za su kai wani lokaci amma in nemi wata in ajiye. Kirawun ya wanke shi da kananzir ya fito da shi rana, muka bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Suna nan sumul, sai wani ɗan dishi-dishi a gefen da ke turi. Na ƙirga, 37 ne, finiyo 9. Wani ya kawo mini saiti mai 35 da 9 ya ce in saya in huta, dattijon ya ce a'a, da shi motar za ta rage ƙarfin tashi da kaya, kuma ba abin da ya sami nawa.

Mun sake boris biyar, don na ce a haɗa da na tayar hagu da kuma ɗaya na gefen difarenshiyal da ya nuna alama, da sil duka, da lainin birki na ɓangarorin biyu. Kafar numfashin ma laka ta cika bakinta, an wanke. Yini guda ya yi a kan saiti kaɗai, ya haɗa ya kwance sau uku kafin tabon shuɗin ya zauna inda Malam ya kwatanta. Kuɗin duka bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka ce mini na walda ba.

Jiya na je Daura na dawo ba kaya. Gurnani ya tafi. Ƙwas ɗin ya ragu da aka cika haƙoran da giris, amma yana nan kaɗan. Kukan totur saura ɗan siriri tsakanin 70 da 80, sai na kashe rediyo nake jin sa, dattijon ya ce dishin nan ne, ba zai ƙaru ba in ana kula da mai. Da na isa Mashi na tsaya na sa hannu a jikin difarenshiyal, da ɗumi amma ina iya riƙewa. Ya ce in yi kilomita 1,000 in dawo a zubar da wannan man a sake, don ya wanke sauran dattin.

Direba, maganarka ta zauna mini. Geron bana a-kori-kura zan ɗauka haya ta kwaso, ita kuma wannan ta tsaya a iyali. Baba na Daura, in Allah ya yarda ranar Juma'a mai zuwa zan shigo, ina so ka sa kunne ka ji sauran kukan nan da kanka. Mai kayan gyara, in ka ci karo da farfelar wagon mai lafiyayyun haƙora a Ƙofar Ruwa, ka riƙe mini, ta wagon fa, don ta salun tsawonsu ba ɗaya ba ne.